Manyan Makarantun Daura: Kwasa-kwasai Sun Yawaita, Ina Malaman?

Shekaru kaɗan da suka wuce, yaron da ya gama sakandare a Babban Mutum, cikin Ƙaramar Hukumar Baure, in yana son ƙarin ilmi a kusa da gida, zaɓinsa bai wuce Kwalejin Yusufu Bala Usman da makarantar koyon aikin lafiya da ke Daura ba. In ba haka ba kuwa sai ya ɗaura kaya ya nufi Katsina, ko Dutsin-ma, ko Kano, ko Zariya. Yanzu al'amari ya sake. A 2019 Gwamnatin Tarayya ta kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha a Daura, a watan Disamba na wannan shekara kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya ɗauki nauyin ginawa, aka kuma sa hannu a dokar kafa ta a 2023.

Watau ke nan a gari ɗaya ɗalibi yana iya neman shari'a, ko aikin malanta, ko aikin asibiti, ko injiniya, ko sha'anin tafiyar da sufuri. Wannan abin farin ciki ne, babu mai musu. Amma tambayar da ya kamata iyaye da ɗalibai su yi tun kafin su biya kuɗin rajista ita ce, wane ne zai tsaya gaban allo?

Buɗe sabon kwas ba shi da wuya a takarda. Abin da ke da wuya shi ne cika ƙa'idodin hukumomin da ke sa ido, watau NUC ga jami'o'i, da NBTE ga kwalejojin fasaha, da NCCE ga kwalejojin horon malamai. Kowacce tana bukatar ta ga isassun malamai masu muƙamai daban-daban, da ɗakin gwaje-gwaje, da littattafai, kafin ta amince da kwas. Ɗalibin da ya ƙare kwas ɗin da ba a amince da shi ba yana iya samun kansa da takardar da ba za ta kai shi hidimar ƙasa ba, balle a ɗauke shi aiki da ita. An kuma sha yin ƙorafi a ƙasar nan cewa wasu makarantu kan yi aron malamai da kayan aiki ranar da masu duba za su zo, su mayar bayan sun tafi.

Ƙarancin malamai tsohon ciwo ne. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya shugabanta, wanda ya binciki bukatun jami'o'in gwamnati a 2012, ya sami malamai 37,504, kuma kashi 43 cikin 100 ne kawai suke da digirin dakta. Tun daga lokacin an ƙara buɗe jami'o'i da dama, ga kuma waɗanda suka bar aikin suka tafi ƙasashen waje. Sabuwar makaranta ba ta ƙera farfesa cikin dare ɗaya. Daga tsofaffin take ɗebowa. Saboda haka ne ake ganin malami ɗaya yana koyarwa a wuri biyu ko uku da sunan malamin ziyara, ya zo ya ƙulle darasin wata guda cikin kwana biyu, ya hau mota.

Jami'ar Sufuri ta fi kowa fuskantar wannan matsala, domin fannoninta baƙi ne. Masanin Larabci ko na shari'ar Musulunci ba ya wuyar samu a ƙasar Hausa, amma masanin injiniyan jirgin ƙasa sai an tona. Ɗaliban da CCECC ya kai Sin karatu za su taimaka, sai dai mai digirin farko ba ya riƙe sashe. Ga shi kuwa layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, ta Daura aka shata shi, kuma zai bukaci ma'aikata.

Akwai kuma batun ko kwasa-kwasan sun dace da wurin. Babban Mutum gari ne na bakin iyaka da Jamhuriyar Nijar, mutanensa manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa. Faransanci, da aikin gona na ƙasa mai ƙarancin ruwa, da lafiyar dabbobi, da malaman lissafi da kimiyya na firamare da sakandare, su ne abubuwan da yankin yake ƙishirwa. Wannan na ƙarshe ma shi ne tushe, gama yaron da bai sami malamin lissafi a ƙauyensu ba, ba zai ci jarrabawar shiga kwas ɗin injiniya ba, ko da jami'ar tana bayan gidansu. Sai a wayi gari gine-ginen suna Daura, kujerun kuwa 'ya'yan wasu wurare ne a kai.

A watan Agusta na 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta har tsawon shekara bakwai, bisa hujjar cewa waɗanda ake da su ba su da isassun ɗalibai da kayan aiki. Makarantun Daura sun riga sun tsallake wannan shinge. Abin da ya rage shi ne hukumominsu su yi amfani da kuɗin horon malamai na asusun TETFund wajen tura matasan malamansu ƙaro ilmi, su kuma riƙa bayyana wa masu neman shiga sunayen kwasa-kwasan da aka amince da su, da yawan malaman dindindin da ke kowane sashe.