Araha Ba Ta Ado: Batun Rigunan Zaɓe

'Yan'uwa ɗalibai, zaɓen ƙungiya ya ƙarato, nan ba da jimawa ba za a fara rabon riguna masu hotunan 'yan takara. Duk wanda ya ga na bara ya san inda muka dosa. Fuskar ɗan takara ta fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ba ido ba hanci, sai an karanta sunan da ke ƙasa ake gane mai ita. Muka taru muka yi ta la'antar mai bugawa. To, a ganinmu, mafi yawan laifin namu ne.

Bari mu duba yadda aikin yake. Mai bugawa yana ɗaure raga mai laushi a jikin firam, kamar rariyar tankaɗe, ya shafe ta da wani sinadari da haske ke busarwa. Sai ya ɗora hoton a kai ya haska, ya wanke da ruwa; inda hoton ya tare haske ya buɗe, sauran ya toshe. Ta waɗannan kafofi tawada ke bi ta sauka a kan riga. Ke nan rariya abu biyu kawai ta sani: ko tawada ta wuce, ko ta tsaya. Alhali fuskar ɗan Adam cike take da haske da inuwa. Dabarar ita ce a farfasa hoton zuwa ɗige-ɗige, manya a wurin duhu, ƙanana a wurin haske, ido kuma ya haɗa su daga nesa. Ku ƙura wa hoton jarida ido, za ku gan su.

A kan riga akan jera ɗigo 45 zuwa 55 a inci guda, da raga mai zare wajen 230 a inci. In ragar ta yi faɗin ido, ƙananan ɗigo ba su da wurin kamawa. In an danna tawada da ƙarfi, ɗigon ya baje ya haɗe da maƙwabcinsa, fuska ta koma tabo. Saboda haka dole sai da gwaji, gwaji kuwa yana cin lokaci da tawada.

Mu fa me muke yi? Mu kai hoto dishi-dishi daga waya ana jibi zaɓe, mu yi ta tayi har mu karya kuɗin aikin, sa'an nan mu ce gobe da safe muke so. Haba jama'a! Ai ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaicin ma, muna da 'yan'uwa a sashen zane-zane masu koyon wannan sana'a, amma ba mu ko waiwayarsu. A watan Mayu na 1968 ɗaliban makarantar zane ta birnin Faris da hannunsu suka riƙa buga takardun bangon zanga-zangarsu da irin wannan rariya. Mu me ya hana mu?

Muna kira ga shugabannin ƙungiya da 'yan takara da su ba waɗannan 'yan'uwa aikin, da hoto mai kyau, da wa'adin mako biyu, da lada cikakke. A buga riga ɗaya a gani tukuna kafin a buga ɗari. Kuɗin nan daga guzurinmu ya fito, bai kamata ya ƙare a tsumman goge takalmi ba.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba.