WASIƘA DAGA LANDAN: NEMAN ƊAKIN HAYA

Zuwa ga Edita,

Ina so 'yan'uwa masu niyyar zuwa Ingila karatu ko aiki su ji yadda ake samun masauki a nan.

Ku sani Landan ba fatoma, ba mai unguwar da za a kai baƙo wurinsa. Takarda ita ce mai masaukinka. Tun 2016 doka ta hana mai gida ya ba ka ɗaki sai ya duba izininka na zama a ƙasar. Sa'an nan dillali ya nemi shaidar albashi, in babu, sai wani mazaunin ƙasar ya tsaya maka. To, nan gizo ke saƙa. Wanda ya sauka jiya, wa zai ɗauki lamuninsa? Don haka da yawa kan fara raɓawa wurin 'yan'uwa a Peckham, unguwar da 'yan Nijeriya suka yawaita.

Kada ku aika ko anini kan ɗakin da ba ku gani da idonku ba, gama 'yan damfara suna nan. In kun shiga, ku dubi bango, danshi kan sa riguna fumfuna. Kuɗin ajiya kuwa, a gidaje irin namu na talakawa, dokar 2019 ta hana ya wuce hayar mako 5.

Bayan haya akwai harajin gunduma, ko da yake an ɗauke wa ɗalibai, ga kuma kuɗin ɗumama ɗaki da hunturu. A Disamba rana kan faɗi kafin ƙarfe 4, har ma'aikaci ya yi Azahar, La'asar da Magariba duk a ofis.

Haza wasalam,
Wakilinku na Landan.