Tamale: An sauya gwamnati a Gana, amma har yanzu ana tambayar wane ne baƙo

A watan Mayun 2025 jami'an shige da fice na Gana sun yi samame a titunan Accra, inda suka kwashe mabarata fiye da 2,000, akasarinsu 'yan Nijar, aka mayar da su gida. Bayan wata biyu wasu suka fito zanga-zanga a birnin suna neman 'yan Najeriya su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar, har sai da Abuja ta tura ƙaramar ministar harkokin waje, Bianca Odumegwu-Ojukwu, ta ji daga bakin Shugaba John Dramani Mahama cewa ba za a kori kowa ba. Tsakanin Accra da Tamale tafiya ce ta kusan kilomita 600, amma irin wannan labari ba ya daɗewa bai iso zango ba, domin mazauna zango sun san yadda wata kora ta taɓa farawa.

Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta bai wa duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fice. Tattalin arziki ya taɓarɓare a lokacin, aikin yi ya yi ƙaranci, aka ɗora laifin a kan baƙi. Dubun dubatar mutane suka kama hanya, Yarabawa da Hausawa da Zabarmawa da Mosawa, cikinsu har da waɗanda a Gana aka haife su kuma ba su san wata ƙasa ba. A 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin haka a Najeriya bayan faɗuwar farashin mai, 'yan Gana kusan miliyan ɗaya suka koma gida da kayansu a cikin jakar nan da har yau take ɗauke da sunan korar. A Kodebuwa ma, aƙidar tantance ɗan ƙasa na asali da ta yi ƙarfi a zamanin Henri Konan Bédié ta biyo bayan karyewar farashin koko ne, ta kuma ƙare da yaƙi.

Da wannan ma'auni, shekarar 2022 ta isa ta tayar da hankali. Hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin 100 a Disamban shekarar, gwamnati ta dakatar da biyan mafi yawan bashin da ake bin ta a waje, sannan ta karɓi lamunin dala biliyan 3 daga asusun IMF a 2023. Binciken jin ra'ayi na Afrobarometer ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙasar na ganin Gana ta ɗauki hanyar da ba ta ɓullewa. Sai dai fushin ya sauka a akwatin zaɓe. A Disamban 2024 Mahama ya kayar da Mahamudu Bawumia da sama da kashi 56 cikin 100 na ƙuri'u, dukkansu 'yan arewa, kuma Bawumia a Tamale aka haife shi. Kuɗin sidi ya farfaɗo a 2025, hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 10.

To me ya sa batun baƙi bai kwanta ba? A kudu rigimar ta kasuwa ce: dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa ga 'yan ƙasa, kuma ƙungiyar 'yan kasuwa ta GUTA ta sha garƙame shagunan 'yan Najeriya a Kumasi da Accra. A arewa kuwa damuwar ta tsaro ce. Hanyar da ta tashi daga Tamale ta bi ta Bolgatanga zuwa Paga tana ƙarewa ne a bakin iyakar Burkina Faso, ƙasar da masu iƙirarin jihadi ke riƙe da yankuna masu faɗi. Dubban 'yan gudun hijira sun tsallako, aka tsugunar da wasu a Tarikom da Zini. A Yulin 2023 hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta koka cewa ana mayar da ɗaruruwan 'yan Burkina da ƙarfi, yawanci mata da yara. Gwamnati ta musanta cewa tana farautar wata ƙabila, amma rahotanni sun nuna Fulani abin ya fi shafa.

Abin lura shi ne jama'ar da ke ɗari-ɗari da mai tsallako iyaka su ne suka yi wa Kyaftin Ibrahim Traoré tafi mai ƙarfi a bikin rantsar da Mahama ranar 7 ga Janairun 2025. Ana sha'awar shugaban, ana zargin talakansa.

Ga Bahaushen Tamale, matsalar ita ce idon mai zargi ba ya rarrabe wanda ya iso jiya da wanda kakanninsa suka zo fataucin goro. Hausawa sun zauna a Salaga tun kafin Turawa, yaƙin basasar garin na 1892 ya warwatsa su zuwa Kete Krachi da Yendi da sauran garuruwa, kuma suna cikin waɗanda suka raya kasuwancin Tamale bayan Ingila ta mai da ita hedikwatar arewa a 1907. Tsarin mulkin 1992 bai ambaci ƙabila ba wajen zama ɗan ƙasa. Abin da ya duba shi ne ko ɗaya daga cikin iyaye ko kakanni ɗan Gana ne. Amma a aikace ma'aikacin da ke zaune a tebur ne ke yanke hukunci, kuma shugabannin zango da na Fulani sun daɗe suna ƙorafin cewa suna ko harshe kaɗai na sa a tsananta wa mutum tambaya.

Da wuya a sake ganin doka irin ta Busia. Mahama na neman sulhu da ƙasashen Sahel da suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ya naɗa musu manzo na musamman, ya kuma ziyarci Bamako da Yamai da Wagadugu, kuma kasuwannin Gana na buƙatar albasar Nijar da tumatir da shanun Burkina. Haɗarin da ya fi kusa shi ne katin ɗan ƙasa, wato Ghana Card, wanda idan babu shi ba rajistar layin waya, ba hulɗa da banki. Wanda aka hana wa katin bai bar gidansa ba, amma ƙofofi sun rufe masa ɗaya bayan ɗaya.

Ƙarfin zango a siyasa ƙuri'a ce. Ita ta sa Nana Akufo-Addo ya kafa ma'aikatar raya zango a 2017, ko da yake ya rushe ta a wa'adinsa na biyu. A 2020 Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ba hujjar zama ɗan ƙasa ba ce wajen rajistar zaɓe. A 2023 hukumar zaɓe ta nemi katin ya zama shaida ɗaya tilo, majalisa ta ƙi, aka bar tsarin da masu rajista biyu ke tsaya wa mutum shaida. Ba a rufe wannan muhawara ba, kuma akwai zaɓe a 2028.