Sabuwar Kwamfuta, Tafiyar Hawainiya: A Auna Kafin A Yi Zargi

Akwai wani kuka da nake yawan ji a jami'o'inmu da cibiyoyin bincike. An kashe miliyoyin naira an sayo babbar kwamfutar nan da ake kira uwar garke, an kuma sabunta manhajar ƙididdiga, amma lissafin da a da ake gamawa kafin azahar yanzu sai ya kai magariba. Daga nan zargi yake tashi: wasu su ce ɗan kwangila ya yi algus, wasu su nemi a sake sayayya. A ganina, da awo ya kamata a fara.

Da farko, uwar garke tana da ƙwaƙwalen sarrafawa masu yawa, amma sau tari kowace guda ba ta kai ta kwamfutar tebur gudu ba. Manhajar R kuwa, wadda Ross Ihaka da Robert Gentleman suka ƙirƙira a Jami'ar Auckland, da ƙwaƙwalwa ɗaya take yin akasarin aikinta, sai fa in an umarce ta da ta raba. Rabawar ma tana da iyaka. Tun 1967 Gene Amdahl ya yi bayanin da ke nuna cewa idan kashi 10 cikin 100 na aiki ba ya rabuwa, ko ƙwaƙwalwa dubu aka tara, saurin ba zai haura ninki 10 ba.

Na biyu, R tana dogara da wani kundin lissafi mai suna BLAS. Idan tsohuwar na'ura tana amfani da samfurinsa mai sauri, irin su OpenBLAS, sabuntawa kan mayar da mutum kan na asali ba tare da sanarwa ba. Haka nan, bayanan da a da suke cikin faifan kwamfutar, yanzu ƙila ta waya ake janyo su daga wata ma'ajiya.

Mu masu nazarin harshe muna da namu kason. Daga fitowar R 4.2.0 a 2022, manhajar ta koma tsarin UTF-8 a kan Windows. Wannan alheri ne ga haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai dai binciken kalmomi a wannan tsari yakan fi cin lokaci.

Saboda haka ina kira ga hukumomi da su ware aiki guda na gwaji, a rubuta mintocin da ya ɗauka kafin sauyi da bayansa. A riƙa sauya abu ɗaya a lokaci guda. A yi amfani da Rprof, ma'aunin da ke cikin R, don gano inda lokaci yake zurarewa. Kada a cika wa ɗan kwangila kuɗinsa, kada kuma a kashe tsohuwar na'ura, sai alƙaluma sun gamsar.

Dukiyar jama'a ce ake kashewa, kuma ɗalibin da wa'adin kundinsa ya ƙarato shi ke ɗanɗana kuɗar jiran. Hausawa dai sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Allah Ya sa a gyara.