Marubucin barkwanci da ƙofar da ba ta buɗewa

Duk matashin da ya taɓa rubuta labarin fim na barkwanci ya aika wa kamfanin shirya finafinai ba tare da an nema ba, ya san abin da ke biyo baya: shiru, kamar an aiki bawa garinsu. Wani ya tura ta WhatsApp, wani ya buga a takarda ya kai ofisoshin da ke Titin Gidan Zoo a Kano. Wata da watanni ba amsa. Mafi ciwo shi ne ya wayi gari ya ga wani shiri a YouTube mai kama da nasa, ba sunansa, ba ko sisi.

Ban ɗora wa furodusoshi laifin duka ba. Barkwancin Hausa bai taso a kan rubutu ba. A zamanin camama, ana gaya wa jarumi yadda fitowa za ta kasance ne, sauran kuma ya ƙago da bakinsa. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da shigarsa kaɗai yake sa mutane dariya. Furodusan da ya saba da haka yana ganin jarumi shi ne jari, marubuci kuwa ƙarin kashe kuɗi ne. Amma shirye-shirye masu dogon zango sun sauya lissafi. Shiri irin Gidan Badamasi, mai ɗimbin 'yan wasa da labarin da ke tafiya mako bayan mako, ba ya tsayuwa sai da alƙalami. Masana'antar na buƙatar marubuta, amma ba ta tanadi hanyar da baƙon marubuci zai shigo ba, sai dai ya san wani wanda ya san wani.

Akwai kuma tsoro ta ɓangarorin biyu. A Amurka, manyan kamfanoni kan mayar da rubutun da ba su nema ba ba tare da sun karanta ba, gudun kada gobe a maka su a kotu. Dokar haƙƙin mallaka, har da tamu ta 2022, ba ta kare dabara tsurarta. Abin da aka rubuta take karewa. Labarin attajiri marowaci da 'ya'yansa masu jiran gado ba mallakin kowa ba ne. Lokacin da marubuci Art Buchwald ya yi nasara a kan kamfanin Paramount a 1990 game da fim ɗin Coming to America, yarjejeniyar da ke rubuce tsakaninsu ce ta tsaya masa. Matashin da ya zauna a ofis ya zayyane labarinsa da baki, da me zai tsaya gaban alƙali?

Don haka nake ganin nauyin yana kan kamfanoni da ƙungiyar MOPPAN. BBC tana ware lokaci na musamman da take karɓar rubutun sababbin marubuta bisa sharuɗɗan da kowa ya sani. Ba abin da zai hana kamfanin Kannywood ya ware wata guda a shekara, ya faɗi adadin shafukan da yake so, ya ba duk wanda ya aiko shaidar karɓa mai kwanan wata, ya kuma amsa ko da da kalmar a'a ce. Wannan shaidar tana kare furodusa kamar yadda take kare marubuci.

Kafin a kai ga haka, mai sabon alƙalami ya daina aika labarinsa dungurungum. Ya tura taƙaitaccen bayani da fitowa biyu ko uku, ta imel ba ta baki ba, ya kuma yi wa cikakken rubutun rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Idan yana da abokai da waya mai kyamara, ya ɗauki fitowa ɗaya ta minti uku ya saka a intanet, domin furodusan da ba zai karanta shafi 60 ba yakan kalli bidiyon da aka turo masa.