Ba korona ce ta kashe baje kolin Geneva ba

Tun 1905 ake baje kolin motoci a Geneva ta ƙasar Suwizalan. Can aka fara nuna wa duniya Jaguar E-Type a 1961. A 2024 masu shirya shi suka ce an naɗe tabarma.

Wasu na ɗora wa korona laifi, don ta hana taron 2020. Ni kam ban yarda ba. Kamfanin da zai nuna sabuwar motarsa a YouTube ya huta da kuɗin rumfa, me zai kai shi Geneva? Taron ƙarshe ma Mercedes da Toyota ba su leƙo ba, BYD ta Sin ce ta zo da motocin lantarki.

Mu 'yan kanikanci kuwa har yau kafireto muke kwancewa. Malam, yaushe za a kawo mana batirin nan mu taɓa kafin mu fita?