Ɗan haya ba baƙon kwana ba ne

A Tama, cikin kwarin Majiya, haka kuma a Buza da Keita da Madawa, ba a rasa malamin lakwal da ya shekara goma a gida guda na haya. A nan ya yi aure, a nan aka raɗa wa ƴaƴansa suna. Kowace bazara shi ke sayen laka a yaɓe bango, shi ke gyara indararo kafin ruwa ya sauka, dogon yaron da ke tsakar gida ma shi ya dasa. Amma ran da ɗan mai gidan ya komo daga ci-rani a Abijan ko Libiya da niyyar aure, magana ɗaya ake aiko masa: ya nemi wuri kafin wata ya mutu. Takarda babu, shaida babu, sai «ai mun san juna».

Wannan sanin junan shi ne tushen zaluncin. An mai da rubuta yarjejeniya abin kunya, har wanda ya nemi a sa hannu ake yi masa kallon maras yarda da mutane. Abin mamaki, masu faɗin haka sun san cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Adar, ta shardanta a ambaci wa'adi da lada a cikin ijara. To, wace al'ada ce ta fi waɗannan? Kunyar da ake fakewa da ita kullum gefe ɗaya take karewa, domin mai ƙasa ba ya asarar komai in ba a rubuta ba.

Doka kuwa akwai ta. Tun ranar 18 ga Afrilu 1996 Nijar take da kundin da ya tsara hulɗar mai gida da ɗan haya. Sai dai da Faransanci aka rubuta shi, kuma dattijon da ke ba da hayar ɗaki biyu a Tama bai taɓa jin ko sunansa ba. A 2025 gwamnati ta ƙayyade kuɗin haya, mutanen Yamai suka yi murna. Ciwon Yamai tsada ce. Ciwon ƙauyukan Adar rashin wa'adi ne, kuma ƙayyade farashi ba ya hana a fitar da mutum tsakiyar shekarar karatu.

Za a ce masu gidajen su ma talakawa ne. Gaskiya ne. Da yawansu da gumin ɗan da ke can bakin teku suka gina ɗakunan, kuma tun ƙarshen shekarun 1990, da aka fara cika azuzuwa da malaman kwantiragi, sun saba da ɗan hayar da kuɗinsa ke makara, sai su yi haƙuri. Wannan haƙurin abin yabo ne, amma ba ya ba su ikon korar iyali da baki. Rubutun ma zai kare su: wanda ya gudu da bashin wata uku, da me za a kama shi gaban maigari?

Damanar 2024 ta tona asirin lamarin. Ruwa ya rushe gidajen ƙasa a faɗin Nijar, har aka ɗage komawa makarantu zuwa 28 ga Oktoba. In gidan haya ya faɗi, mai fili ake yi wa jaje, shi ake ƙirgawa. Wanda ya shekara goma yana yaɓe bangon sai ya kwashi tabarmarsa.

Laifi mafi nauyi yana wuyan malaman kansu. Mutumin da ke koya wa yara rubuta wasiƙa da Hausa da Faransanci, yaya zai kasa rubuta layi biyar domin kwanan iyalinsa? Ƙungiyoyin malamai irin SNEN sun iya yajin aiki kan albashi. Ƙungiyoyin raya al'adu sun iya shirya wasan kwaikwayo. Ba abin da zai gagare su su tsara takarda guda da Hausa, ta boko da ta ajami, mai ɗauke da kuɗin wata, da wanda gyara ke kansa, da sanarwar wata uku wadda ba za ta faɗo tsakanin Oktoba da Yuni ba, a sa hannu gaban maigari, a ajiye kwafi a ma'aikatar magajin garin Tama.